Hidimar ofis na neman cinye kuɗin marayu: daga ina za a fara ragewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar taimakon marayu da zawarawa a cikin birnin Kano. Muna biya wa yara kusan 120 kuɗin makaranta, muna rabon abinci da azumi da kayan sallah. Muna da ofis na haya mai ɗaki uku, da janareto, da tsohuwar bas da aka ba mu kyauta, da ma'aikata uku da muke biya. Gudummawa ta ja baya, hidimar ofis kuwa sai hauhawa take yi. Bana cikin kowace naira 100 da ta shigo, kusan 40 a ofis ta ƙare. Shugabanmu ya ce a sallami ma'aikata biyu, a kuma daina biyan mai binciken asusu. Hankalina bai kwanta da haka ba. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili, domin abubuwa biyun da shugabanku ya zaɓa su ne ya kamata a taɓa a ƙarshe, idan ma za a taɓa su. Sallamar ma'aikaci ita ce mafi saurin nuna ragi a takarda, shi ya sa kwamitoci da yawa suke fara kai hannu can. Amma kafin a kai ga albashi akwai wurare da dama da kuɗi yake zurarewa ba tare da kowa ya lura ba.

Halin da kuke ciki ba na ku kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kuɗin mai da sufuri da abinci suka ninka. A farkon 2025 an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kira da data. Attajirin da yake ba ku naira dubu 200 duk azumi yana iya ci gaba da bayarwa, amma abin da take saya yau bai kai na da ba. Don haka kada a fara da neman wanda za a ɗora wa laifi a cikin ofis.

Aikin farko naki ne, kuma ba ya cin ko sisi. Ki nemi takardar bayanan asusu daga banki ta wata 12 da suka wuce, ki haɗa da duk rasit da littafin ƙananan kashe-kashe, ki zauna da mutum ɗaya daga kwamitin amintattu ku rubuta kowace fita a layinta: rana, abin da aka saya, nawa, wa ya karɓa. Wata 12 ake so, saboda hayar ofis da sabunta takardun mota da hidimar azumi sau ɗaya suke zuwa a shekara, wanda ya duba wata uku kawai ba zai gan su ba. Sannan ki raba su gida biyu: abin da aka kashe don yaran kai tsaye, da abin da aka kashe don ƙungiya ta ci gaba da tsayuwa.

A nan za ki iya tarar da cewa 40 ɗin nan da ta tayar muku da hankali ba 40 ba ce. Ma'aikaciyar da take zagaya gidajen marayu, take zuwa makarantu ta tabbatar yaron da aka biya wa kuɗi yana aji, albashinta da kuɗin motarta na aikin marayu ne, ba na ofis ba. Idan sakatare yana kwana uku a mako a fili, kwana biyu a ofis, to kashi uku cikin biyar na albashinsa ya koma gidan farko. Wannan ba dabarar ɓoye kuɗi ba ce, haka ake lissafin a ko'ina, muddin an rubuta ƙa'idar rabon an kuma tsaya a kanta kowace shekara. Bayan an yi haka, ki jera abin da ya rage daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta. Galibi layi uku ko huɗu na sama su ne suke ɗauke da mafi yawan kuɗin. A kansu za a zauna. Ɓata zaman kwamiti a kan kuɗin ruwan leda alhali bas tana shan dubbai kowane mako ba zai kai ku ko'ina ba.

Mu fara da bas ɗin, don ita muka fi zargi. Motar kyauta tana da wahalar rabuwa, ana jin nauyin wanda ya bayar, ana kuma ganin ai ba a saye ta da kuɗi ba. Ki tara abin da ta ci a shekara: mai, juye, taya, batir, bakanike, inshora, sabunta takardu, da alawus ɗin direba. Ki raba jimillar da yawan fitar da ta yi domin aikin ƙungiya. Abin da ya fito shi ne kuɗin fita ɗaya. Sai ki tambayi nawa ake ɗaukar shatar bas ta yini guda, ko kurkura idan kaya ne, ko adaidaita sahu idan mutum biyu ne za su unguwa. Idan fitarku ta gaske ba ta wuce sau uku ko huɗu a wata ba, da wuya ajiye mota ya fi shata sauƙi. In haka lissafi ya nuna, a je wa wanda ya bayar da ita da takardar a hannu, a nemi izininsa a sayar, a rubuta yardarsa da ta amintattu a cikin bayanan taro, a sa kuɗin a abin da za a iya nuna masa. In kuwa lissafi ya ce a riƙe ta, to daga yau a ajiye littafi a cikinta: rana, inda aka je, dalili, lambar kilomita lokacin fita da lokacin dawowa, litar man da aka zuba, da sa hannun wanda ya ba da izini. A riƙa cika tanki a gidan mai guda ana karɓar rasit, a daina miƙa wa direba kuɗi a hannu kowace safiya. Cikin wata biyu za ki san kilomita nawa take yi da lita ɗaya, kuma duk ranar da lissafin ya kauce za ki gani. Wannan littafin kuma shi ne zai kawo ƙarshen aron motar zuwa biki da kai amarya, ba tare da kin yi faɗa da kowa ba.

Sai wuta. Ƙaramin janareton fetur mai ƙarfin kVA 2.5 zuwa 3 yana shan kusan lita ɗaya a awa idan an ɗora masa kaya matsakaici. Idan yana aiki awa 6 a rana, kwana 22 a wata, lita 132 ke nan, ban da baƙin mai da fulogi da gyara. Ki ninka da farashin lita na yau ki ga abin da yake ci a shekara, sannan ki kwatanta da sola. Ofis irin naku ba ya buƙatar babban kaya. Kwamfutar cinya biyu, fanka uku, ƙwan fitila biyar marasa jan wuta, da na'urar intanet, duka ba su wuce wat 400 ba. A awa 8 abin ya kama kusan kilowat-awa 3. Faifan sola da jimillarsu ta kai kilowat ɗaya suna iya ba da wannan a ranar Kano, kuma da yake da rana kuke aiki, ba sai kun sayi batir mai yawa ba, wanda shi ne ya fi komai tsada a harkar.

Inda ake faɗawa rami guda uku ne. Na farko, a sayi batir mai ruwa saboda arha, a riƙa zuƙe shi har ƙasa kullum. Irin wannan batir ba a so a ci fiye da rabin cajinsa, yana son a riƙa duba ruwansa ana ƙara tataccen ruwan batir, zafin bazara kuma yana rage masa kwana, musamman in an kulle shi a ɗakin da iska ba ta shiga. Batirin lithium ya fi tsada a saye amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma a nan maganar arha ba ta ado take aiki. Na biyu, a jona wa inbata, wato na'urar da take mayar da wutar batir irin ta gida, abin da ya fi ƙarfinta: firij tsoho, butar dafa ruwa, dutsen guga, ko babbar na'urar kwafi, wadda take fizgar wuta sosai lokacin da take ɗumama. Na uku, ƙurar hunturu. Faifan da ƙura ta rufe ba ya ba da abin da aka saye shi dominsa, sai an riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. A nemi farashi a rubuce daga mutum uku, kowa ya faɗi sunan kamfanin kayan da tsawon garanti. Kada a ciri kuɗin sola daga na marayu. A rubuta buƙata ta musamman a kai wa mai hali guda, a nuna masa lita 132 ɗin nan. Mutane da yawa sun fi son sayen abin da zai daɗe yana amfani su gan shi da idonsu. In kuma kamfanin rarraba wutar lantarki, KEDCO, yana kawo muku takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, a nemi mita mai kati.

Ɗaki uku na mutum uku, biyu daga ciki ma suna fili yawancin mako, ya yi yawa. Kafin wa'adin haya ya zo da wata uku zuwa huɗu a fara magana. Ko a mayar wa mai gida ɗaki biyu, ko a nemi wata ƙungiya mai irin aikinku ku raba haya da wuta da mai gadi da intanet, a rubuta yarjejeniya a kan wa zai biya me da ranar biya. Idan yarjejeniyar hayarku ta hana saka wani, sai da yardar mai gida a rubuce. Taron wata-wata ana iya yin sa a ajin Islamiyya bayan an tashi. Abu ɗaya da ba za a yi sakaci da shi ba wajen raba ofis shi ne fayilolin yara: sunayensu, hotunansu da labarin gidajensu su zauna a kabad mai makulli, makullin a hannun mutum ɗaya.

Akwai wani layi da ba ki ambata ba, amma muna kyautata zaton za ki same shi da kauri idan kin jera lissafi, wato bikin rabon kaya. Hayar zaure, rumfa da kujeru, lasifika, mai gabatarwa, kyallen sanarwa, riguna masu tambarin ƙungiya, abincin manyan baƙi, kuɗin mota na 'yan jarida, da mai ɗaukar bidiyo. Ki tara su ki raba da farashin buhun shinkafa, ki kai wa kwamiti amsar a buhuna. Hujjar da ake kawowa ita ce sai an nuna aiki masu bayarwa za su ƙara. To a duba: cikin waɗanda suka zauna a kujerun gaba bara, nawa ne kuɗinsu ya shigo asusu bayan taron? Takardar banki za ta faɗa. Mai bayarwa na gaskiya ya fi gamsuwa da rahoto shafi ɗaya da aka tura masa ta WhatsApp, mai ɗauke da yawan yaran da aka biya wa, makarantunsu, da hoton rasit. Ga kuma abin da ya fi kuɗin muhimmanci a wurinmu: bazawarar da aka sa ta yi layi a rana tun hantsi, aka kira sunanta a lasifika, aka ɗauke ta hoto da leda a hannu, an ci mata fuska a gaban 'ya'yanta. A raba kayan unguwa-unguwa, a ƙananan rukuni, da sa hannu ko dangwale a takarda, ta hannun mai unguwa ko limami a matsayin shaida.

Sayayya ma tana da nata gyaran. Wanda ya tashi sayen gero da masara da wake ana saura mako biyu azumi ya shiga kasuwa lokacin da kowa yake ciki. Hatsi ya fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, a Dawanau ko a kasuwannin ƙauye. Sai dai saye da wuri yana da sharaɗi: ajiya. Wake musamman, ƙwaro yana iya mayar da shi gari cikin 'yan watanni. A yi amfani da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A tabbatar hatsin ya bushe sarai, a duba ledojin ba su da huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a jera a kan katako nesa da bango, a kiyaye ɓera. Iskar ciki tana ƙarewa ƙwaron ya mutu, ba tare da an zuba magani ba. Kada a yarda kowa ya zuba maganin ƙwari irin na feshi a abincin da yara za su ci. In ba ku da sito mai kyau da mutum amintacce mai riƙe da littafin shiga da fita, to a bar wannan shawara, asarar za ta fi ribar. Kayan masarufi daga kasuwar Singa, yadin sallah daga Kantin Kwari, duk a saya a sari, mutum biyu su je tare, kuma kada a saya a shagon ɗan kwamiti sai an bayyana a taro, an kwatanta farashinsa da na wasu biyu, shi kuma ya fita lokacin yanke shawara. Kuɗin makaranta a biya shi kai tsaye a asusun makarantar. Idan kuna da yara 10 ko 15 a makaranta ɗaya, ku zauna da mai ita ku nemi rangwame a rubuce kafin zango ya fara.

Banki yana cin nasa a hankali. Ki duba takardar asusu ki ware duk cajin: na kula da asusu, na saƙon waya, na tura kuɗi, na littafin cak. Ƙungiyoyi da yawa suna da asusu uku ko huɗu da aka buɗe a lokuta daban-daban, kowanne ana cirar masa. A bar biyu: na zakka da gudummawar da aka ƙayyade wa aiki, da na hidimar yau da kullum. A daina cirar kuɗi a wurin masu POS ana biyan lada a kan kowace fita. Don ƙananan buƙatu a ware adadi tsayayye a hannun mutum ɗaya, ba za a ƙara masa ba sai ya kawo rasit na abin da ya kashe, sannan a cika masa daidai abin da ya fita.

Rabuwar asusun nan tana da dalili na addini ma. Zakka tana da mutanen da aka ƙayyade mata, kashi takwas, kuma ko da yake masu aikin tattara ta suna cikinsu, iyakar abin da ƙungiya irin taku za ta iya ɗauka daga ciki magana ce ta malamai. Ku kai tambayar ga malamin da kuka amince da shi ko Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, ku rubuta amsar ku ajiye. Haka kuɗin da mutum ya ce na karatun yaro kaza ne, ba a biyan haya da shi ko da niyyar mayarwa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a fito fili a gaya wa masu bayarwa cewa aikin yana da hidima, ga adadinta a wata, a nemi mutum 20 ko 30 da za su ɗauki nauyinta da ƙaramin abu kowane wata. Da yawa ba su taɓa bayarwa don wannan ba saboda ba a taɓa tambayarsu ba.

Yanzu maganar mai binciken asusu. Idan ƙungiyarku tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta muku shigar da bayanan shekara-shekara tare da bayanin kuɗi. Wanda ya bari suka taru, tara tana hawa kansa, sunan ƙungiya kuma ya koma cikin marasa aiki a shafin hukumar, inda duk mai son ba ku tallafi zai fara dubawa. Ga takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, da bankuna suke nema, ga harajin albashi da ake cira a miƙa wa hukumar haraji ta jiha idan albashin ya kai. Rahoton da aka bincika shi ne kuma kariyarki ke kanki ranar da wani ya tashi da zargi, tunda ke ce mai riƙe da kuɗi. Abin da za a iya yi shi ne rage farashinsa. Mai bincike yana caji ne gwargwadon wahalar da zai sha. Wanda aka miƙa wa rasit a cikin leda zai yi mako yana tsinta, wanda aka ba fayil wata-wata, kowace fita da takardarta, an daidaita littafi da banki, zai gama cikin kwanaki. Ku nemi farashi daga ƙananan ofisoshi uku masu lasisi, ku kuma tambaya ko cikin masu ba ku gudummawa akwai akanta da zai taya ku shirya littattafan kyauta kafin a kai.

Ma'aikata kuwa, sai an gama duk wannan an ga abin da ya rage. Mutumin da ya san gidan kowane maraya, ya san wace uwa ce ta sake aure, wane yaro ne ya daina zuwa aji, idan ya tafi sanin nan ya tafi da shi, kuma abin da yake biyo baya shi ne biyan kuɗin makarantar yaran da suka bar makarantar. 'Yan sa-kai suna da amfani a ranar rabo da lokacin azumi, amma ba a ɗora musu aikin da yake son a zo kullum, domin ranar da nasu uzurin ya taso ba ki da bakin magana. Idan bas ta tafi, aikin direba ya ƙare da kansa, sai a ba shi sanarwa kamar yadda takardar ɗaukarsa ta tanada, a biya shi duk haƙƙinsa kafin ya tafi, a taimaka masa da takardar shaida. Idan har lissafi bai daidaita ba bayan haka, a zauna da sauran biyun a nuna musu takardun, a tattauna rage kwanakin aiki na wani wa'adi sananne, a rubuta, kowa ya sa hannu. Abin da ba ya halatta shi ne a bar su suna zuwa ana cewa sai kuɗi ya shigo.

Ki kai wa kwamiti wannan a shafi ɗaya: kowane layi, abin da yake ci yanzu, abin da zai koma, wa zai bi shi, da ranar da za a duba. Ki nemi a ba tsarin wata uku kafin a sake ɗauko maganar sallama. Abin da aka samu na ragi a watannin farko kada a raba shi nan take, a riƙa tura shi gefe har ya kai hidimar ofis ta wata uku, don hayar baɗi ta same ku da kuɗinta a ajiye.